Ƙarfe a Aljihun Injiniya

Da babban yatsan ƙafata na gano abin da mijina yake aikatawa. Na ciro rigar sanyinsa daga bayan ƙofa zan wanke, don washegari za mu koma asibiti kuma rigar ta fara tsami, sai na ji ta da nauyi kamar an jiƙa ta. Kafin in gama mamaki ɗinkin ciki ya ɓarke, wani abu ya faɗo mini a kan yatsa. Na yi salati, na yi tsalle da ƙafa ɗaya, na zagi wanda ban ma san ko wane ne ba.

Faifan ƙarfe ne, faɗinsa kamar tafin hannu, sumul, yana sheƙi, an goge bakinsa don kada ya yaga tufa. A tsakiyarsa an buga nauyinsa da kyau: rabin kilo. Na juya rigar. An yi mata aljihuna a ciki da zare mai kauri, uku a dama uku a hagu, kowanne da nasa faifan. Na zauna a bakin gado yatsana yana zugi, na jera su a kan zanin gado. Ban yi karatun injiniya ba, 'yan aji uku nake koyarwa, amma na san mutum ba ya ɗaura wa kansa kilo uku na ƙarfe don ya ji ɗumi.

Mijina injiniya ne a masana'antar da ke ƙera injin ban ruwa. Ba ya ƙera komai da hannunsa. Aikinsa shi ne ya yanke wa kowane ƙarfe iyakar kuskuren da za a yafe masa. Ya ce sandar nan za ta iya fin zane tsawo da kaza, zoben nan zai iya gazawa da kaza, abin da ya wuce haka a jefar. Rata suke ce wa wannan iyaka. Ma'aikata kuwa Silin Gashi suke ce masa a bayan idonsa, saboda a kan abin da bai kai kaurin gashi ba yana iya mayar wa mutum da aikin yini guda. Mu ma a gida ba mu tsira ba. Kafintan da ya sa mana ƙofar kicin har yau idan ya hango mijina sai ya sauya hanya.

Ciwon ya fara ne da kaluluwa a wuya wadda ta ƙi tafiya. Kafin a gane daji ne a tushen harshe, ya riga ya bazu cikin wuyan, ya wuce a yanke. Likitar da ke duba shi, wata siririyar mata da ba ta ɓata kalma, ta ce abin da ya rage shi ne a riƙa gasa wurin da hasken na'ura kullum, tare da maganin nan mai ƙarfi da ake sawa a ledar ƙarin ruwa, wanda suke kira kemo, zagaye uku. Ta ce idan aka cika ukun nan akwai fata. Wannan kalmar na ƙulle a bakin zanina, da ita nake kwana da ita nake tashi. An yi zagaye biyu. Na uku ne za a yi washegari.

Ta kuma kafa mana sharuɗɗa tun ranar farko. Kowane zuwa sai ya hau sikeli. Idan ya rame ya wuce iyaka, za a sa masa roba a ciki a riƙa ba shi abinci ta nan, maganin kuma a rage shi ko a ɗaga. Ya sha ruwa da yawa, don maganin ba ya ga maciji da ƙoda. Idan kunnensa ya fara ƙara, ya faɗa. Mijina ya gyaɗa kai kamar ɗalibin kirki, har yana tambayar ta iyakar kowanne. Na ji daɗi a lokacin, na ce ga amfanin auren mai lissafi.

Sai ga mutum yana narkewa a gabana. Bakinsa ya cika da gyambo, haɗiyar yawu ta zama masa yaƙi. Agogonsa yana yawo a hannu, bel ɗinsa ya samu sabon rami. Amma duk ranar awo 'yarmu za ta dawo da shi ta ce ya ragu kaɗan ne, yana cikin iyaka. Ita take kai shi a motar ƙaninsa saboda ni ina makaranta. Na ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Suka ce, Mama ke dai kin cika tsoro. Wannan karon an yi hutu, ni zan kai shi, shi ya sa rigar da kullum take kwana a motar ƙaninsa ta shigo gidana.

Na kwashi faifan a zanina na fito falo ina ɗingishi. Yana zaune a kujerarsa da kofin da yake tofa yawu, fatar wuyansa ta yi baƙi kamar gindin tukunya, talabijin kuwa na ihu kamar ana gini. Na kira shi daga bakin ƙofa bai waiwayo ba. Na kashe talabijin, na zube ƙarafan a kan tebur.

"Injiniya." Ba na kiransa haka sai an taɓo ni, kuma ya sani. "Mene ne wannan?"

Ya dube su, ya tofa a kofi, ya goge baki. Magana ta zama masa kamar tura motar da ta mutu.

"Ƙarfe ne."

"Na gode da ka faɗa mini, da na ɗauka biskit ne. Me yake yi a rigar da kake hawa sikeli da ita?"

"Malama, zauna."

"Ba zan zauna ba. Likita kake yi wa ƙarya ko ni?"

"Ba ƙarya ba ce." Ya huta, ya ja numfashi. "Duk mai zana iyaka yana barin rata a bayanta. Ni ma haka nake yi. In na rubuta goma, na san abin zai ɗauki sha biyu. Likitoci ma haka suke. Ratarsu nake ci, kaɗan."

"Don me?"

"In sun ga na rame za su rage maganin. Ba na son rabin aiki, a ba ni duka." Ya kawar da kai wajen taga. "Tsohon da ke zama kusa da ni a asibiti, an sa masa roba. Bai dawo ba."

Da wani ne da tausayi ya kama shi a nan. Ni ma ya kama ni, ba zan ɓoye ba, amma fushin ya riga shi samun wurin zama.

"Wato shekara da shekaru kana mayar wa bayin Allah da aiki a kan silin gashi, yau kai ne da kilo uku a hammata. Lallai wanzami ba ya son jarfa."

"Na yi lissafi."

"Wa ya ƙera maka su?"

Ya mayar da ido kan kofinsa. Bai ma buƙaci ya faɗa ba. Mutum ɗaya ne a duniya zai goge bakin ƙarfen ha'inci ya buga masa nauyi don kawai yayansa ya ce a yi. Na ɗauki faifan da ya fasa mini yatsa na jefa a jaka, na ja mayafina.

Mai gadin masana'antar ya san ni, ya buɗe yana tambayar jikin Oga, na amsa ban tsaya ba. Ciki kuwa ƙara da warin mai, ƙasa duk ɓawon ƙarfe a nannaɗe yana kama takalmi. Ƙanin mijina, wanda yara ke kira Baffa, yana tsaye a gaban injinsa mai juya ƙarfe yana fere shi, da gilashi a ido. Ni da shi ba ma haɗuwa sai da tsiya. Yana hango ni ya washe baki.

"A'a, matarmu! Yau kuma kin gaji da tsohon kin biyo yaro?"

Na ciro faifan na ɗora a kan injinsa. Dariyar ta tsaya masa a wuya. Ya kashe injin, ya cire gilashi, ya ce mu shiga ɗakin awo, nan ba a jin magana.

Ɗakin mijina ne. Sanyi kamar firji, don wai zafi yana sa ƙarfe ya kumbura awo ya yi ƙarya. Ga teburin dutse baƙi a tsakiya, ga ma'aunansa a jere cikin akwatuna masu shimfiɗar auduga, ga kujerarsa an tura ta ƙarƙashin tebur ba wanda ya taɓa. A kan kanta kuma akwai wani tsohon inji da aka raba biyu ana ganin cikinsa. Na san shi. Babu baƙon da ya taɓa cin abinci a gidanmu bai sha labarinsa ba.

"Rabin kilo ya ce mini da farko," in ji Baffa, yana murza hula a hannu. "Wallahi rabin kilo. Ya ce sikelin asibitin ma yana kuskuren da ya kai haka. Kin san na farkon ma dawo mini da shi ya yi, wai ya zarce da giram biyar?"

"Kada ka ba ni dariya, ban zo da ita ba. Daga rabi aka yi yaya ya zama uku?"

"Duk mako sai ya ce in ƙara ɗaya."

Na nuna injin da ke kan kanta. "Ba ni labarin wancan."

"Haba matar Yaya, kin fi ni sani."

"Na ce ka ba ni."

Ya ba ni, kansa a ƙasa, kamar yaron da aka sa ya maimaita karatu. Wata shekara injina suka riƙa dawowa daga gonaki sun cije, fanka ta ƙi juyawa. Aka kwance su aka auna kowane ƙarfe, kowanne yana cikin ratarsa, babu mai laifi. Manya suka ce ma'aikata ne ba su iya ɗauri ba. Sai Yaya ya jera kayan a kan teburin nan. Sanda ta fi tsawo da ɗan kaɗan, zobe ya fi kauri da ɗan kaɗan, boris haka, fanka haka, murfi kuma bai kai zurfi ba da ɗan kaɗan. Kowanne an yafe masa, amma duk gefe ɗaya suka karkata. Da aka tara su, fanka ta je ta dafe da murfi. Tun daga ranar ba a sa wa ƙarfe rata shi kaɗai a wannan gida, sai an tara ta da ta maƙwabtansa.

"To kai da ka haddace wannan," na ce, "ka tambaye shi ratar da yake ci a sauran wuraren?"

"Yayana ne. Shi ya kawo ni nan, shi ya koya mini riƙon ma'auni. Da muryar nan tasa ya roƙe ni. Ke za ki iya ce masa a'a?"

"Zan iya."

"Shi ya sa ba a faɗa miki ba."

Wannan maganar ta fi ƙarfen zafi. Wato gida guda an zauna an san ni ce ba na ragi, aka zagaye ni kamar rami a kan hanya. Na ɗauki faifaina na fito ban yi masa sallama ba.

'Yarmu na samu a kicin ta dawo daga aiki tana dama masa madarar gwangwanin da asibiti suka rubuta. Ubanta Uwata yake ce mata, kuma tun tana ƙarama idan ya ce mata rana dare ce za ta kunna fitila. Ban yi mata kwana-kwana ba. Na yi shekaru ina kallon fuskokin yaran da suka ɓoye abu a bayansu.

"Gwangwanin nan, yana shanyewa?"

Cokalin ya tsaya. "Rabi yake sha, Mama. Da hawaye yake haɗiya. Ya ce rabin ma ya isa, wai sun san ba mai shanyewa shi ya sa suke rubuta da yawa."

"Sauran fa?"

"Ina zubarwa kafin ki dawo."

"Ruwa?"

"Ya ce an rubuta kwalba uku ne don mutum ya sha biyu."

"Biyun yake sha?"

Ta girgiza kai.

"Kunnensa fa? Ko ni kaɗai ce nake jin talabijin daga bakin titi?"

"Ya ce ƙara ce kaɗan, kowa ma yana ji. Ya ce in na faɗa za su hana shi maganin." Sai ta fashe da kuka. "Mama, ni so nake ya huta da azaba ko na ɗan lokaci."

Ban rarrashe ta ba. Na san ya kamata, amma hannuna ya ƙi ɗaguwa. Kowa ya so shi, kowa ya yafe masa ɗan kaɗan, kuma kowa yana zaton shi kaɗai ne mai yafewar. Shi kuwa gogan yana zaune a tsakiya yana karɓa ta ko'ina.

Da na koma falo sauran faifan biyar sun ɓace daga kan tebur. Na tsaya a gabansa ta gefen kunnen da yake ji, na lissafa masa da yatsu: sikeli, madara, ruwa, kunne. Na ce ya dubi Allah ya gaya mini ko akwai ɗaya a cikinsu da ya karkata ɗaya gefen.

"Kowanne kaɗan ne," in ji shi.

"Da yayyafi kogi ke cika."

Ya miƙo hannu ya kama bakin mayafina. Rabon da ya yi haka tun muna amarci. "Malama, zagaye ɗaya ya rage. Gobe kada ki ce komai. In an gama, ki sa su sa mini roba goma."

Na zare mayafina na shiga ɗaki. Gaskiyar magana ban san abin da zan yi ba, kuma rashin sanin ya ƙara mini haushi. Idan na yi shiru za a ba shi na ukun, wanda likita ta ce a cikinsa fatan yake. Idan na yi magana, wataƙila da bakina zan hana shi. Kuma mutumin nan bai saba kuskuren lissafi ba. In ya zama shi ke da gaskiya fa? Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, kuma na ji haushinsa da ya ɗora mini wannan kaya alhali shi ya ɗaure shi.

Da safe ya fito sanye da rigar, an zuge ta har wuya, kafaɗunsa sun rankwafa da nauyinta. Bai dube ni ba, ban ce masa ci kanka ba har muka isa.

Ɗakin jira ya cika da irinsa, masu ɗaure da ƙyalle a wuya, masu kofi a hannu, 'yan rakiya suna gyangyaɗi. Aka ɗebi jininsa, muka jira, sannan nas ta kira shi wajen sikeli. Mace ce mai fara'a, irin waɗanda ke kiran kowane majinyaci Baba.

"Baba, takalmi kawai za ka cire, na san ka da jin sanyi."

Ashe ita ma tana da nata ɗan kaɗan ɗin. Ya cire takalmi, ya dafa bango zai hau. Sai na ga hannun da ya dafa bangon. Ƙashi ne da fata, zoben azurfarsa ya zame har gaɓar yatsa. Da ƙyar ya ɗaga ƙafa ya hau abin da bai fi tudun bulo ba. Wannan jikin ne za a ɗura wa maganin da ya kwantar da shi tun yana da ƙarfinsa.

"Sista," na ce, "a cire masa rigar."

Ya juyo ya dube ni. Na zauna da mutumin nan fiye da rabin rayuwata, bai taɓa yi mini irin wannan kallo ba, kallon wanda aka tona wa asiri a kasuwa. Na ce masa ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Nas ta yi dariya tana zaton wasan miji da mata ne, ta taimaka masa ya zare hannu, sai rigar ta kusa kufce mata. Ƙarafan suka bugi juna. Duk ɗakin aka waiwayo. Ta dubi sikeli, ta dubi abin da ta rubuta makon jiya, fara'ar ta gudu daga fuskarta.

A ofishin likita na ciro na shidan daga jakata na ɗora a kan sauran, na faɗi komai, madara da ruwa da kunne, ban rage masa ko ɗaya ba. Na so ta yi faɗa. Na so ta buga tebur ta taya ni. Ita kuwa sai ta ɗauki faifai ɗaya ta juya shi, ta karanta abin da aka buga a kai, ta ajiye a hankali. Ta jawo sakamakon jinin ta daɗe tana kallo.

Mijina ya miƙa yatsa ya nuna layin ƙoda a takardar. Ya san wurin, ya san iyakar.

"Yana ciki," in ji shi.

"Yana ciki," ta ce. "A bakin layi yake, amma yana ciki. Da nauyin da aka riƙa kawo mini gaskiya ne, da yanzu na sa hannu an ba ka. Amma ƙodar da ke bakin layi, a jikin da ya rame haka, ba ruwa, ga kunne ya fara tafiya, in na ba ka maganin nan yau ina tsoron ƙodar ba za ta sake tashi ba. Ba zan ba ka ba."

"Mako mai zuwa?"

"Tare da gashin na'ura yake aiki, gashin kuwa ya kusa ƙarewa, kuma ba za mu tsayar da shi ba. Kafin jikinka ya dawo lokacinsa ya wuce. Biyun da aka yi su ke nan." Ta cire gilashinta. "Ranka ya daɗe, da na ga ramarka ta gaskiya tun da wuri, da tuni na sa roba na ƙara maka ruwa. Da yanzu kana kan kujera ana sa maka na uku."

Ni na tambayi abin da shi ya kasa. "Fatan fa, likita?"

"Yana nan. Bai kai yadda na so ba."

Garin neman gira an rasa ido. Ban faɗa ba, a cikina na bar shi, don ko ni na san akwai lokacin da ba a ƙara wa mutum. Aka ba shi gado a ranar, aka ɗaura masa ruwan gishiri maimakon maganin da ya yi wa ha'inci don ya samu. Washegari suka huda cikinsa suka sa robar.

Ya daina yi mini magana. Idan na shigo sai ya juya fuska bango. Baffa ya zo ya tsaya a bakin ƙofa kamar mai neman aiki, na ce ya kwashe ƙarafansa ya kai su kusa da injin nan na kan kanta, su ma a riƙa ba baƙi labarinsu. 'Yarmu ta zo da jajayen idanu, ubanta ya riƙe hannunta ya ce Uwata, ni kuwa da na kwana a kujerar roba ko kallo ban samu ba. Na ce ba komai, ai wanda ya hana ka faɗawa rijiya shi ne ya yaga maka riga. Amma ya ci mini rai, kuma har yanzu wani lokaci ina tambayar kaina ko da ƙodar za ta ɗauka. Ba wanda zai iya gaya mini.

Nas ɗin nan mai cewa Baba ita ta koya mini ba shi abinci. Ta kawo wani ƙaton sirinji mai layuka a jiki, ta nuna mini layin da zan riƙa kai madarar, da yadda zan buɗe bakin robar in tura a hankali, in bi da ruwa. Ta yi sau ɗaya a gabana ta tafi.

Da lokaci ya yi na zuƙo madarar, na ɗaga rigarsa. Yana kwance fuskarsa a bango kamar kullum. Na kama robar zan haɗa, sai na ji yatsunsa a wuyan hannuna. Na ɗauka ture ni zai yi, har na shirya abin da zan faɗa masa, kuma ba mai daɗi ba ne. Sai ya ɗago hannun nawa da sirinjin zuwa saitin idonsa, ya juya shi wajen hasken taga, ya runtse ido ɗaya yadda yake yi a ɗakin awo. Ya sa farce ya ƙwanƙwasa layin.

"Bai kai ba," in ji shi.

Na duba. Da gaske bai kai ba, saura abin da bai fi silin gashi ba. Na mayar da bakin sirinjin cikin gwangwani na ƙaro, na sake nuna masa. Ya gyaɗa kai, ya sake ni, ya janye rigar da kansa. Na haɗa na fara turawa a hankali, duk da har lokacin ban huce ba.